Jakara: Kogin da Kano Ta Juya wa Baya

Gabatarwa

Sai da na kai aji uku a sakandare kafin na san cewa Jakara sunan kogi ne. Kafin nan na ɗauka wata kalma ce da Kanawa suke kiran babbar kwata da ita. Duk ranar da aka aike ni Kasuwar Kurmi, da na doshi gadar da ke bakin kasuwa sai in ja wuyan rigata in toshe hanci, in ƙara sauri. Ban taɓa ganin wani ya tsaya yana duban ruwan nan ba, in ban da yaran da aka turo su juye shara. Ranar da malaminmu na tarihi ya ce a bakin wannan ruwa aka kafa Kano, dariya muka yi, don a zatonmu ba'a yake yi.

Ana yi wa Kano kirari da tumbin giwa. In haka ne, to Jakara ce hanjinta, domin kusan duk abin da tsohon birni da arewacinsa suka ci suka rage, ta cikinta yake bi ya fita. Wannan maƙala za ta bi sawun kogin tun daga zamanin da ake tsoronsa har zuwa zamanin da ake ƙoƙarin binne shi a ƙarƙashin titi. Abin da nake son nunawa guda ɗaya ne: Kano ta daina kula da Jakara tun ranar da ta sami ruwan sha daga wani wuri, amma har yau ba ta daina ci daga gare ta ba. Abin da birni ya zuba mata da safe, shi yake dawo masa a faranti da daddare.

Kurmin Baƙin Ruwa

Wanda ya hau Dala ya dubi birni ba zai lura cewa Kano a kan doron ƙasa take zaune ba, amma ruwan sama ya san da haka. Ruwan da ya sauka a kudancin birni yana gangarawa zuwa Kogin Challawa. Wanda ya sauka a yawancin tsohon birni da Fagge da Sabon Gari da Bompai kuwa, arewa maso gabas yake nufa, kuma Jakara ce take tattara shi. Tana tasowa ne daga yammacin birni, a kwarin da ke kusa da Goron Dutse da Dala, ta ratsa tsakiyar gari, ta fita bayan ganuwa, ƙoramu irin su Gogau da Gwagwarwa da Getsi suna zuba mata ruwa a hanya, har ta isa ƙasar Minjibir. A asalinta ƙorama ce ta damina. Ƙasar Kano tana samun ruwan sama na kimanin milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, sauran watanni kuwa sai fadama da 'yan tafkuna.

Wannan fadama ce ta sa wurin ya zaunu. Binciken masu tonon tarihi ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 ana narka tama a gindin Dala. Maƙeri yana bukatar dutsen tama, yana bukatar itacen gawayi, yana kuma bukatar ruwan da zai sha da rani. Dutsen ya ba shi na farko, kurmin da ke kwari ya ba shi sauran biyun. Inda fadama take, ruwa ba ya nisa a ƙasa, rijiya ba ta wuyar haƙa.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer kuma ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya adana mana yadda mutanen farko suka ɗauki wurin. A zamanin Barbushe da tsafin Tsumburbura, ana kiran Jakara Kurmin Baƙin Ruwa, saboda duhun ruwanta da itatuwan da suka kewaye ta. Mutanen lokacin sun yi imani cewa kurmin yana yin gargaɗi idan masifa za ta auko wa ƙasa, suna kuma yanka baƙaƙen dabbobi don neman tsari. Wannan shirka ce da Musulunci ya zo ya kawar, kuma babu mai kukan rashinta. Sai dai mai nazarin tarihi zai lura da wani abu: wurin da ake tsoro ba a sare itacensa, ba a kuma zuba masa ƙazanta. Tsoro ne shingen farko da ya tsare Jakara.

Kasuwa a Bakin Fadama

Shingen nan bai faɗi rana ɗaya ba. Daga zuwan Bagauda, wanda ake lissafa shi a 999, sarakuna suka yi ta gwagwarmaya da masu tsafin. Gijimasu ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, ganuwar kuma ta kewaye dutse da fadama gaba ɗaya, domin garin da aka yi wa ƙawanya ba ya daɗewa in ruwansa yana waje. Wangarawa suka iso da Musulunci a zamanin Yaji, a ƙarni na 14. Amma Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya sauya wa Jakara aiki. Ya gina fadarsa a kudancin kogin, ya faɗaɗa ganuwa, ya kuma kafa kasuwa a cikin kurmin da a da ba a kusantarsa. Itatuwan sun tafi, sunan ya zauna: har gobe Kasuwar Kurmi ake cewa.

Zaɓen wurin ba haɗari ba ne. Ayarin da ya keto Sahara daga Gadamas ko Agadas, da fataken goro da suka dawo daga Gwanja, duk suna isowa da raƙuma da jakuna masu ƙishirwa. Sana'o'in da suka ɗaukaka sunan Kano su ma 'ya'yan ruwa ne. Marini ba ya aiki sai da ruwa, haka majemi. Fatar jan akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ta bi ayari har bakin Bahar Rum, Turawa suka saye ta suna danganta ta da Maroko, don ta can ta iso musu. Baƙin yadi mai sheƙi da aka rina aka buga a Kano ya zama rawanin Buzaye. Dokta Heinrich Barth, wanda ya zauna a birnin a 1851, zamanin Sarki Usman, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa duk shekara sun kai na wuri miliyan 300.

A nan ya kamata a yi hattara, kada ƙaunar jiya ta sa mu yi wa tarihi ƙarya. Jakara ba ta kasance ruwa garai-garai a wancan zamani ba. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a Janairun 1824 lokacin Sarki Ibrahim Dabo, ya tarar da fadama ta raba birnin kusan gida biyu, kasuwa tana ci a kan wani ɗan tudu a tsakiya wanda ruwa yake shanyewa da damina. Ya ga agwagin ruwa da gauraki da ungulaye a wurin, ya kuma yi kukan wari da rashin lafiyar da fadamar da kududdufai suke jawowa. Barth ma bai yaba tsabtar wurin ba.

To, mene ne bambancin jiya da yau? Abu biyu ne: yawa da iri. Mutanen birni a lokacin, bisa ƙiyasin matafiyan nan biyu, ba su wuce 30,000 zuwa 40,000 ba, sai in lokacin fatauci ya zo su ƙaru. Sharar da suke fitarwa kuma mai ruɓewa ce. Majemi da bagaruwa da toka da kashin tsuntsaye yake aiki, ya rina fatarsa da karan dafi. Marini da baba da toka yake haɗa ruwansa, katsin da ya kwanta a gindin marina kuma a kwashe shi a yi laso a shafe gini. Tokar murhu da kashin awaki da sharar tsakar gida, jakuna suke ɗauka a mangala zuwa gonakin karkara a matsayin taki, su dawo da itace da hatsi. Wannan zirga-zirga ta daɗe har masanin ƙasa Michael Mortimore ya tarar da ita ya yi nazarinta a shekarun 1960. Abin da ya kuɓuce ya faɗa Jakara, ruwan Agusta yana zuwa ya wanke shi, rana ta ƙarasa sauran. Mutane kuma suna da dalilin kula, domin rijiyoyin gidajensu daga ruwan ƙasan fadamar nan suke sha.

Zuwan Famfo

Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso a 1911, ya fara jigila sosai a 1912, daga nan ƙofar arzikin birni ta juya daga Sahara zuwa teku. Gyaɗa da fatu da ƙiraga suka riƙa bin jirgi zuwa Ikko. Aka yanka Sabon Gari don baƙin da suka biyo jirgin, Fagge ta cika, unguwannin Turawa suka tashi a Nasarawa da Bompai. In aka dubi taswira za a ga cewa yawancin wannan sabuwar Kano a cikin kwarin Jakara aka gina ta.

Babban sauyin da ya sami kogin, duk da haka, daga kudu ya zo. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kammala aikin janyo ruwa daga Kogin Challawa zuwa birni ta bututu. Wannan alheri ne babba, kuma ya ceci rayuka daga cututtukan ruwan kududdufi. Amma ya zo da sakamako biyu da ba a lissafa ba. Na farko, ya yanke igiyar da ta ɗaure Bakano da kwarinsa. Mai shan ruwan famfo ba ruwansa da halin da fadama take ciki. Na biyu, ya sauya ɗabi'ar kogin kanta. Ruwan da aka ɗebo daga Challawa, daga baya kuma daga Tamburawa da dubban rijiyoyin burtsatse, ba ya komawa inda ya fito. Ana wanka da shi, a yi wanki, a yi wanke-wanke, sannan ya bi rariya ya faɗa kwata, kwata ta miƙa shi Jakara. An kawo wa birni hanyar shigar ruwa, ba a yi masa cikakkiyar hanyar tace wanda ya fita ba. Har yau mafi yawan unguwannin Kano ba su da babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje zuwa matata.

Ta haka ƙoramar damina ta zama kogi mai gudu rani da damina. Wanda ya ga Jakara tana gudu a watan Maris, lokacin da aka yi wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba, ya sani cewa abin da yake gani duk daga gidaje da kasuwanni da masana'antu ya fito. Yawan masu zuba shi kuma ƙaruwa yake yi. Ƙidayar 1952 ta sami mutum kimanin 130,000 a Kano. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin cikin birni da kewaye sun haura miliyan biyu da rabi. Kwarin kuwa yana nan yadda Clapperton ya bar shi, in ma bai ƙara ƙuntata ba.

Getsi, Bompai da Madatsar Wasai

Daga shekarun 1950 zuwa 1970 Bompai ta zama unguwar masana'antu, har Kano ta zama ta biyu bayan Ikko a wannan fanni. Masaƙu da matatun man gyaɗa da kamfanonin robobi da na sabulu da majemun zamani suka ba dubban mutane aiki. Ruwan da suke fitarwa ƙoramar Getsi ce take ɗauka ta kai wa Jakara, kamar yadda na Sharaɗa da na unguwar masana'antu ta Challawa yake gangarawa kudu.

Jima ita ce misalin da ya fi bayyana abin da ya faru, domin sana'a ɗaya ce da ta sauya kayan aiki. Majemar zamani da gishirin kuromiyam take jeme fata, abin da yake gama a kwana ɗaya aikin da bagaruwa take ɗaukar kwanaki tana yi. Fata ba ta shanye gishirin duka, ragowar yana fita tare da ruwan wanki, haɗe da farar ƙasa da sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Bagaruwa ɗiyar itace ce, tana ruɓewa ta koma ƙasa. Kuromiyam ƙarfe ne, haka dalma da kadmiyam da suke fitowa daga batura da fenti da tarkacen garejin gyaran mota. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Yana kwantawa a cikin laka ya zauna. Shi ya sa, ko da yake kamfanoni da yawa a Bompai sun rufe bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wutar lantarki, gubar da suka zuba ba ta rufe tare da su ba. Aikin ya tafi, dafin ya zauna.

Ban da masana'antu, akwai babbar mayankar birni da ke Fagge, wadda jini da tumbi da ruwan wankinta suke bin wannan hanya. Irin wannan ƙazanta tana ruɓewa, amma wajen ruɓewar tana cinye iskar da ke cikin ruwa, wadda kifi da sauran halittu suke shaƙa. Ruwan da iskarsa ta ƙare shi ne yake yin baƙi ya yi ɗoyi. Ashe sunan da mutanen Barbushe suka ba wurin ya dawo, amma a da inuwar itatuwa ce ta baƙanta ruwan.

A cikin wannan hali aka datse kogin. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya shimfiɗa shirin gina madatsun ruwa a faɗin jihar, fari na farkon shekarun 1970 kuma ya ƙara nuna bukatarsu. Tiga ce babba a cikinsu. Madatsar Jakara da ke Wasai, a ƙasar Minjibir, an kammala ta a 1976 don noman rani da kiwo da kamun kifi. Niyya kyakkyawa ce, sai dai madatsa tana tare abin da ruwa ya ɗauko tare da ruwan. Abin da a da ambaliyar Agusta take watsawa, yanzu wuri ɗaya yake taruwa shekara bayan shekara. Masunta suna kama karfasa da tarwaɗa a ciki, makiyaya suna shayar da shanu, yara suna wanka, kuma an sha samun cutar tsargiya a ƙauyukan bakin ruwan. Mutumin Wasai bai jeme fata ba, bai kuma mallaki kamfani ba, amma a ƙofarsa ake sauke kayan.

Lambu: Abin da Aka Zubar Ya Dawo

Wanda ya bi gaɓar Jakara da rani daga Kwakwaci zuwa Titin Zungeru da Titin Jirgi har Gama, zai sha mamaki. A tsakiyar ƙura da hazo zai ga fadama shar da latas da kabeji da alayyafo da karas da albasa da lansir. Manoman nan a da jigo suke ɗebo ruwa, yanzu ƙananan injinan ban ruwa ne suke ruri tun asuba. Ruwan da birni ya yar, su a wurinsu dukiya ne: ba ya yankewa, ba a biyan kuɗinsa, kuma yana ɗauke da taki a cikinsa, har mai lambu yakan rage sayen na kanti. Kasuwa ga ta kusa. Ganyen da aka yanka da hantsi yana iya kaiwa 'Yankaba ko Kasuwar Rimi kafin azahar.

Lokacin da nake aikin kammala digiri na zauna da wani dattijo mai lambu a gefen kogin. Na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin ruwan da yake ba shukarsa. Ya yi murmushi, ya nuna mini ƙafafunsa da suka tsattsage, ya ce ya riga ni sani, kuma yana gane ranar da aka saki ruwan kamfani daga launinsa da yadda ganye yake ƙonewa. Sannan ya mayar mini da tambaya: in ya bar wannan ruwan, wanne zan ba shi? Ya ce da lambun nan ya aurar da 'ya'yansa, kuma bai taɓa zuba ko da cokali ɗaya na guba a kogin ba, tarar da ita yake yi. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Masu bincike a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun daɗe suna auna ruwa da ƙasa da ganyayen wannan kwari, kuma sakamakonsu ya sha nuna ƙarafa masu guba da ƙwayoyin cuta. Hatsarin iri biyu ne. Ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, masu jawo taifot da kwalara da tsutsar ciki, suna maƙalewa a jikin ganye, kuma sun fi yin ɓarna a abin da ake ci ɗanye kamar latas. Wanki mai kyau da dafuwa suna rage su. Ƙarafan kuwa saiwa ce take zuƙo su su shiga cikin ganyen, wanki ba ya fitar da su, wuta ba ta kashe su. Ba sa kayar da mutum rana ɗaya. A hankali suke taruwa, kadmiyam ya taɓa ƙoda, dalma ta taɓa ƙwaƙwalwar yara.

A nan ne zancen ya zagayo. Mai gidan da ya saki rariyarsa cikin kwata, da mai kamfanin da ya ga tace ruwa asarar kuɗi ce, da ma'aikacin da ya ga haka ya kau da kai, duk suna aika yaro kasuwa sayen kayan miya, kuma ganye ba ya zuwa da takardar shaidar inda aka shuka shi. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Kududdufai, Ambaliya da Murfi

Jakara ba ita kaɗai take aikin kwashe ruwan birni ba, tana da mataimaka. Kowane gidan ƙasa a tsohuwar Kano, da ganuwar kanta, daga rami aka haƙo ƙasarsu, ramukan nan ne suka zama kududdufai. Gaskiya ne suna tara sauro da shara. Amma idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, su ne suke fara karɓarsa su riƙe, su sake shi a hankali, wani ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyi. Da fili ya yi tsada sai aka riƙa cike su da shara ana yanka filaye, ana ɗora shaguna da gidaje. Tsakar gida ta koma siminti, lungu ya koma kwalta ko bulo. Ruwan da a da yake da masauki ɗari, yanzu gaba ɗaya yake rugawa kwari cikin sa'a guda. Can kuma ya tarar da ledar ruwan sha da robobi, waɗanda suka cika gari tun shekarun 1990, sun toshe bakin kwalbati.

A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi, ya lalata dukiya mai yawa, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Sunan kasuwar kansa ya isa gargaɗi. Wurin da kakanni suka kira kwari, ruwa bai manta da shi ba don an yi masa bene.

Amsar da hukuma ta fi karkata gare ta ita ce a ɓoye kogin. An daɗe da ɗaure wasu sassansa da siminti. A wa'adi na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe shi a shimfiɗa titi a kansa daga Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda jama'a suke kira Wuju-Wuju, aikin da daga baya ya yi shekaru a tsaye. Dole a yi adalci: mutanen da suke kwana suna tashi da warin nan, waɗanda 'ya'yansu suke faɗawa ciki da damina, suna da haƙƙin a raba su da shi, kuma tsakiyar birni tana bukatar hanya. Amma murfi ba ya tace ruwa. Abin da ya shiga ta sama, shi zai fita ta ƙasa ya isa lambu da Wasai yadda yake. Magudanar da aka rufe kuma ta fi wuyar yashewa idan ta toshe. Babban birnin Koriya ta Kudu ya taɓa rufe ƙoramar da ta ratsa tsakiyarsa ya ɗora mata babbar hanya, sannan tsakanin 2003 da 2005 ya kashe maƙudan kuɗi ya rushe hanyar ya sake buɗe ruwan. Halin Kano daban ne, aljihunta ma daban, amma darasin ya isa a tsaya a yi tunani kafin a ƙara rufe wani sashe.

Kammalawa

Tarihin Jakara ya nuna cewa kogi yana samun kulawa ne gwargwadon yadda masu iko da shi suke jin suna bukatarsa. Mutanen Dala sun tsare shi don tsoro. Mutanen zamanin Rumfa da na bayansu sun ci moriyarsa, sun ɓata shi daidai gwargwado, amma da abin da ƙasa take iya haɗiyewa. Mu kuma mun sami famfo muka ɗauka mun rabu da shi, alhali yana shigo mana gida ta ƙofar kicin.

Gyaran ba ya bukatar wata sabuwar hikima. Dokokin suna nan: tun 1988 Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 2007 kuma aka kafa wadda take tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Abin da ya rage shi ne a tare guba tun daga tushe, kowace majema ta tsame kuromiyam ɗinta ta sake amfani da shi, wanda hakan ma ragin kuɗi ne a gare ta. Jini da tumbin mayanka suna iya zama taki da iskar gas ta girki. Tafkunan tace ruwa, waɗanda hasken rana da ƙananan halittu suke yi wa aiki, sun dace da ƙasa mai zafi irin tamu, kuma in aka gina su a gaban lambuna, manomi zai sami ruwa mai taki marar cuta ba tare da an kore shi ba. Kududdufan da suka rage a yi musu iyaka a rubuce, a hana cike su.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan kowa. Yaron da ya zauna a zaure gaban malami a Kano, tun a darussan farko na fiƙihu ake koya masa cewa ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai halatta a yi tsarki da shi ba. Garin da ya haddace wannan hukunci tun yana ƙarami bai kamata ya zama garin da babban ruwansa ya rasa duka ukun ba. Ba a ce Jakara ta koma Kurmin Baƙin Ruwa ba, wannan ya wuce. Abin nema shi ne ruwan da dattijon nan zai tsoma ƙafarsa a ciki ba tare da ta tsage ba, da ganyen da uwa za ta yanka wa 'ya'yanta hankali kwance. Matakin farko kuwa shi ne wanda malaminmu ya ɗauka a aji uku: a gaya wa yaran Kano cewa abin nan da suke toshe hanci in sun zo wucewa kogi ne, kuma a bakinsa aka kafa garinsu.